Jan Iri Na Gona Ne, Ba Na Tukunya Ba

Ya ku jama'ar Damagaram, manoma da 'yan kasuwa, iyaye mata da malamai.

Duk shekara in damina ta ƙarato, mukan sayi jar hodar nan, irin su Calthio da Apron Star, mu cuɗa da irin gero, dawa ko gyaɗa, don kada iri ya ruɓe a rami, kada burtuntuna ta ɓata zangarniya. Amfaninta a fili yake. Amma guba ce, jan launin kuwa gargaɗi ne ga mai ido.

Haɗarin yana zuwa bayan shuka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga ragowar iri a ɗaki. Sai zuciya ta ce a wanke a daka. Haka mutanen Iraƙi suka yi a 1971 da alkamar shuka da aka shafa wa maganin ruɓa mai ɗauke da zaiba. Ruwa ya fid da launi, gubar ta zauna a ƙwaya. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka rasu a can. Magungunan yau ba su kai wancan muni ba, amma babu ko ɗaya da aka yi don cikin ɗan Adam. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Don Allah, ragowar jan iri a shuka ta ko a binne ta nesa da ruwa. Kada a ci, kada a watsa wa kaji da zabi, kada a kai ta kasuwar Dole a cikin hatsi. Ƙwaryar da aka cuɗa magani ta rabu da fura har abada.

Ku kuma masu garka a Mirya, Gidimuni da Matamaye, in kun fesa wa tumatir magani, ku cika kwanakin jira da aka rubuta a takardarsa kafin ku tsinka. Kada ku wanke famfon feshi a bakin rijiya ko tafkin da dabbobi ke sha. Ku nemi maganin da kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da shi. Malamin gona zai nuna muku.

Limamai da masu unguwanni, ku faɗa a masallaci da dandali kafin ruwan shuka ya sauka. Wanda ya sayar da abinci mai guba yana sane ya ci amanar mai saye, kuma za a tambaye shi gobe ƙiyama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana zuriya.