Tsakanin Gata Da Cuta: Darasi Daga Fangalin Iri

Shin duk wanda ya ba ka abu mai kyau ya kyautata maka? Da jin wannan tambaya mutum zai ce ai ba ta bukatar amsa. Amma in aka yi mata kallon tsanaki, sai a tarar ba nan gizo ke saƙar ba. A nawa ganin, amsarta tana shimfiɗe a lambunan rani na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, inda da zarar damina ta ɗauke manoma kan shiga renon irin tumatir da albasa da tattasai kafin su dasa.

Bari mu fara da taki. Kowa ya san taki abincin shuka ne. Takin yuriya, alal misali, kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin naitirojin ne, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. To, amma manomin da ya ɗebi yuriya cike da hannu ya watsa wa tsiron da bai wuce ganye biyu ba, cikin 'yan kwanaki zai tarar bakin ganyen ya ƙone, tsiron ya yi yaushi ya kwanta. Dalili kuwa shi ne, takin zamani dangin gishiri ne. In ya yi yawa cikin ƙasa, maimakon saiwa ta sha ruwa, sai ƙasar ta riƙa zuƙe ruwan da ke jikin saiwar. Tsiro ya mutu da ƙishirwa alhali ga danshi a gindinsa. Haka ɗanyen kashin kaji yake yi. Shi ya sa gwanayen lambu kan cakuɗa ruɓaɓɓen takin gida da ƙasa tun kafin su yafa iri. Na zamani kuwa sai tsiro ya ɗan yi ƙwari, sa'an nan a narka kaɗan cikin ruwa mai yawa a ba shi.

Ruwa ma hakan take. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In aka cika fangali ya kwana cikin caɓi, sai cutar da ke bin danshi ta kama karan tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya tsuke, ya ruɓe, ya faɗi. Daɗin daɗawa, tsiron da kullum yake samun ruwa a saman ƙasa ba ya wahalar da kansa wajen tura saiwa can ciki. Saboda haka manomi kan yi yayyafi da sassafe ko da la'asar, ya kuma tsoma yatsa cikin ƙasa ya ji kafin ya ƙara.

Daga nan mun sami rabin amsa. Ba a auna kyautatawa da yawan abin da ya fita daga hannun mai bayarwa, ana auna ta da abin da mai karɓa zai iya ɗauka. Uban da ya sakar wa yaro kuɗi tun bai san zafin nema ba, da malamin da ya ɗura wa ɗan aji ɗaya karatun aji shida, da uwar da ba ta yarda ɗanta ya ɗauki ko tsinke, dukkansu niyyarsu alheri ce. Amma tsiro ba ya cin niyya. Sau da yawa ma, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, yawan bayarwar nan don sanyaya zuciyar mai bayarwa ne, ko don a gani a yaba. Hausawa sun daɗe da gano haka, suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Wani zai ce, to ashe ke nan rowa da ƙyaliya su ne tarbiyya? A'a, ko kusa. Gaskiya ne, kamar mako guda kafin dashe manomi kan rage ruwa, ya yaye ciyawar da ya yi wa irin inuwa da ita, don ya saba da rana. Amma a lura da abu uku. Ba ya yin haka sai saiwa ta kafu. Yana yi ne sannu a hankali. Kuma yana tsaye a kai, in ya ga yaushi ya wuce kima ya kawo ɗauki. Wanda ya yafa iri ya juya baya, ya ce wai yana koya masa juriya ne, wannan ba horo ya yi ba, sakaci ya yi. Haka uban da ya tura ƙaramin yaro uwa duniya ba guzuri ba lekawa. Da mai shagwaɓawa da mai yasarwa laifinsu ɗaya, duk ba su tsaya sun dubi yaron ba.

Masanin nan na Girka, Aristotal, ya koyar cewa halin kirki yana tsakanin wuce iyaka da gazawa, ya kuma nuna cewa wannan tsakiya ba ta lissafi ba ce, tana sauyawa daga mutum zuwa mutum. Manomin Kurfi ya san haka ko da bai taɓa jin sunansa ba. Tumatir kan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, albasa kuwa sai ta kai shida zuwa takwas. Ƙasar jigawa tana saurin bushewa, ta fadama tana riƙe ruwa. Babu mudu guda da zai auna wa kowa.

Wannan magana ta shafi hukuma kamar yadda ta shafi iyaye. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa kusa da Dutsin-Ma a 1983, amma aka shafe shekaru masu yawa ba a gama hanyoyin kai ruwan gonaki yadda aka tsara ba. Ruwan da ke jibge bayan madatsa bai zama alheri ga tsiro ba sai ya isa gindinsa, a kan lokaci, gwargwadon bukata.

Sauran rabin amsar kuwa shi ne, manufar reno ita ce dashe. Ba wanda ya taɓa tsinkar kwandon tumatir a fangalin iri. Mai reno na ƙwarai yana aiki ne don ranar da za a cire abin renonsa a kai shi inda ba inuwa, ya kuma tsaya da gindinsa.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma yau a fangali muke. Gobe za a dasa mu, jibi kuma a danƙa mana namu irin, a aji ko a gida. Ranar nan kada mu tambayi kanmu nawa muka bayar. Mu tambaya, shin abin da muka bayar ya sa saiwa ta nutsa, ko kuwa ganye kawai ya yi kyau? Allah ya sa mu dace, amin.