Jarka Uku a Zauren Baba

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan an cuce ka a ciniki, kana da ikon tura cutar ga na gaba don ka rage asara? A baki kowa zai ce a'a. Ni ma haka nake cewa, har ranar da na ga jarka uku na man fetur a zauren wani dattijo maƙwabcinmu a New Bell, nan birnin Duwala.

Dattijon nan, wanda duk unguwa ke kira Baba, yana da kwale-kwale guda mai inji a Youpwé, inda masunta ke sauke kifi a bakin kogin Wouri. Ƙarfinsa ya ja baya, don haka ɗansa da yara biyu ne ke fita su. Sukan nufi wajen tsibirin Manoka, wani lokaci har Cap Cameroun, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. A daminar 2024 Baba ya sayi jarka huɗu, kowace lita 25, a hannun wani mai sayar da man bayan fage, irin wanda ake kira zuwa-zuwa a nan Kamaru. Ya saya ne don ya fi na gidan mai araha.

Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Tun da gobara ta ci matatar SONARA ta Limbe ranar 31 ga Mayu 2019, tataccen mai daga waje ake kawo mana shi. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 840. Kananzir kuwa an bar shi a 350 saboda talakawa. Ka ga a 2024 tsakanin litar fetur da ta kananzir akwai sefa 490. A cikin wannan tazara mai algus ke samun ribarsa, kuma saboda tsadar nan mai ƙaramin ƙarfi ke faɗawa hannunsa.

Yaran suka ɗauki jarka ɗaya suka fita. Sun wuce Manoka, ruwa yana janyewa zuwa teku, sai inji ya fara tari, ya yi hayaƙi, ya mutu. Suka ja igiya har hannuwansu suka yi kanta, bai tashi ba. Wanda motarsa ta mutu a kan titin Ndogbong zai sauka ya tura ta gefe. A teku babu gefe. Suka kwana suna tuƙi da filafili cikin ruwan sama, sai da gari ya waye wasu masunta 'yan Najeriya suka jawo su. Ƙanƙara ta narke, kifin da suka kama ya lalace, amma Allah Ya tsare rayukansu.

Da makaniki ya kwance kafireta ya tarar da ruwa a ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke zuƙar mai. Ya tsiyayi na sauran jarkokin a farar kwalba, ya ajiye ɗan lokaci, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya ɗiga na saman a farar takarda. Fetur mai kyau yakan bushe bai bar tabo ba, wannan kuwa ya bar maiƙo, alamar kananzir. Mai man kuma ya yi ɓatan dabo.

Saura lita 75 a zaure, ga bashin ƙanƙara, ga kuɗin gyaran inji. Wani ya ba Baba shawara: ya ɗura man a kwalabe ya ba yara su sayar wa 'yan bensikin, wato 'yan acaɓanmu na Duwala. Da na shiga gaishe shi sai ya ce, “Ɗana, ku ne masu magana a rediyo. Ni ban zuba ruwa a man nan ba. Kuɗina na halak na biya. In babur ya mutu a titi, wa zai nutse?”

Na ce, “Baba, ba ni lokaci in yi tunani.” Gaskiyar magana ita ce kunya ce ta rufe mini baki. Shekarun baya an taɓa haɗa mini da jabun takardar sefa 5000 a canji. Da na gane, sai na jira dare ya yi na miƙa ta ga wani tsoho mai goro a bakin masallaci, na karɓi canjina na yi gaba. Abin da na gaya wa zuciyata a daren shi ne abin da Baba ya faɗa: ba ni na buga ta ba.

Hujjar Baba tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ba shi ya fara ba. Shi ne wanda aka zalunta. Kuma in aka raba asarar a kan mutum hamsin, kowa lita ɗaya da rabi, ba wanda za ta karya, alhali in ta tsaya a kansa shi kaɗai tana iya durƙusar da gidansa. Da na kawo maganar a shirina ba tare da ambaton suna ba, masu kira da yawa wannan suka riƙe. Wani ma ya ce haka kasuwa take, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Amma mu duba da kyau. Shi ma wanda ya sayar wa Baba, wa ya sani ko haka aka kawo masa? Mai yiwuwa ruwan sama ne ya shiga duro a hanya, kananzir kuma wani na can baya ya zuba. Ke nan shi ma zai iya cewa ba shi ya fara ba, kuma bai san teku za a shiga da man ba. Da wannan hujjar ce man ya iso cikin kwale-kwalen ɗan Baba. A Fabrairun 2022 an ga babbar irinta a Najeriya, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Aka janye shi daga kasuwa, layin mai ya yi makonni a Legas da Abuja, kamfanonin da aka ambata kowa yana wanke kansa. Mugun mai ba ya tafiya da ƙafarsa, hannu ne ke miƙa wa hannu, kowane hannu kuma yana cewa haka na karɓa.

Sannan maganar cewa babur ba ya nutsewa, wa ya ba mu tabbaci? Babur ɗin da zai mutu a tsakiyar mahaɗar Ndokoti, tirela na bayansa, ko a kan gadar Wouri da mace mai ciki a baya, shi ma tekunsa ke nan. Mai sayarwa yana auna cutar da abin da idonsa ke gani, alhali cutar takan sauka inda idonsa bai kai ba.

Malamanmu suna karantar da labarin da ya zo a Sahihu Muslim, na mai sayar da abinci da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Abin lura, ba shi ya jiƙa kayan ba, kuma ba a zarge shi da jiƙawa ba. An zarge shi da barin jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba. Haka Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta lissafa ɓoye aibin kaya cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Ashe tambayar ba wa ya zuba ruwan ba ce. Tambayar ita ce, yanzu da ka sani, me za ka gaya wa mai saye? Kafin makaniki ya ɗaga kwalbar nan, Baba wanda aka cuta ne. Bayan ya ɗaga ta, in ya sayar a ɓoye, ya koma layin waɗanda suka cuci ɗansa.

Wasu masu kira sun ce to ya zubar a kogi ya huta. Wannan ma tura cutar gaba ne. Itatuwan bakin ruwa na Wouri su ne maƙyanƙyasar kifi da jatan lande, jatan landen da Turawan Fotugal suka gani suka raɗa wa kogin sunan da ya zama Kamaru. Wanda ya zuba mai a nan ya zuba ne a tukunyar kowa, har da tasa.

Abin da Baba ya yi a ƙarshe ba shawarata ba ce, don ban iya ba shi ba. Ya bar jarkokin suka kwana, ya zuƙe na sama da tiyo ya bar ruwan a ƙasa. Kananzir ba ya rabuwa da fetur ta wannan hanya, don haka ya kai wa masu gareji, ya gaya musu ƙarara abin da ke ciki, suka saya a wulaƙance don wanke ƙarafan inji. Bai mayar da ko rabin kuɗinsa ba. Kwale-kwalen ya yi makonni a ɗaure kafin ya haɗa kuɗin gyara, kuma ban ga wata garaɓasa da ta faɗo masa daga baya ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce gaskiya ta biya shi nan take ba. Abin da na sani shi ne man ya bi hannaye da yawa kafin ya zo zaurensa, kuma a nan ya tsaya.

Ni kuwa na koma neman mai goron nan, aka ce ya daɗe da komawa gida Arewa. Kuɗin na bayar sadaka da niyyarsa, amma har yau in na bi ta ƙofar masallacin sai na sunkuyar da kai. Allah Ya yafe mana, Ya ba mu ikon tsayar da cuta a kanmu idan ta iso, amin.