Hawan Keke: Me Ke Kashe Sha'awa?

Me ya sa mutum zai sayi keke da ɗoki don motsa jiki da shaƙatawa, ya yi wata uku yana fita kullum da sassafe, sannan a wayi gari keken na jingine a zaure, tayoyi a sace, kaca ta yi tsatsa? Da yawanmu za mu ce lalaci ne kawai. To amma mu a namu ganin, sau da yawa niyyar mahayin ce ke sauyawa ba tare da ya ankara ba. Ya fara hawa don jin daɗi, ya koma yana hawa don a gani a yaba.

Zamani ya ƙara wa wannan matsala ƙarfi. Tun 2009 da aka ƙirƙiro manhajar Strava a Amurka, mahayi na iya sanin nisan da ya yi da mintocin da ya ci, har wayarsa ta jera shi da sauran waɗanda suka bi hanyar, wanda ya fi kowa sauri a ba shi sarauta. Babu shakka wannan na zaburar da mutum. Sai dai a 2016 wata malama a Jami'ar Duke, Jordan Etkin, ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa mutanen da aka ba na'urar ƙirga taku sun fi yawan tafiya, amma ba su kai sauran jin daɗinta ba, domin kuwa ta koma musu tamkar aiki. Wato ke nan ƙidaya na ƙara yawan abu, ta rage zaƙinsa.

Tun kafin zuwan wayar hannu wani Bafaranshe ya hango wannan tarko. Shi ne Paul de Vivie, mai laƙabi Velocio, wanda ya kafa mujallar Le Cycliste a 1887, ya kuma rayu har zuwa 1930 yana yawon buɗe ido a kan keke. Daga cikin shawarwarin da ya bar wa mahaya akwai cewa mutum ya ci kafin yunwa ta kama shi, ya sha kafin ƙishirwa, kada ya gajiyar da kansa har ya kasa ci ko barci, kuma kada ya taɓa murza feda don alfahari. Ya kuma yi fafutukar a sa wa keke giya don a samu sauƙin hawan tudu, alhali masu shirya tseren Tour de France na kallon giya a matsayin ragwanci, ba su yarda 'yan tsere su yi amfani da mai sauya giyar ba sai a 1937.

Wani zai ce, ai in babu buri babu ci gaba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a jefar da agogo ba. Abin da muke cewa shi ne, mu riƙa tambayar kanmu: in da babu wanda zai san mun fita yau, za mu fita? Idan amsar ita ce a'a, to keken ya daina zama namu, ya zama na 'yan kallo, kuma duk ranar da tafi ya ragu, ranar za mu jingine shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, wani lokaci mu bar wayar a gida. Mu bi hanyar da ba mu saba bi ba, mu jira abokin tafiyar da ƙafarsa ba ta kai tamu ba, mu kuma juyo gida da sauran ƙarfinmu, domin gobe zuciya ta yi marmarin komawa. Hausawa dai sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wanda ya fita shaƙatawa babu mai jiransa da rajista.