Sipadan: An Ƙayyade Yawan Masu Nutso, An Bar Tarbiyyarsu

Tsibirin Sipadan ɗan ƙarami ne, mutum zai zagaye shi a ƙafa cikin rabin awa. Yana gabashin jihar Sabah ta Malesiya, ana zuwa shi da kwalekwale daga garin Semporna. 'Yan taku kaɗan daga bakin yashinsa ƙasa takan yanke tsaye, ta gangara har kimanin mita 600. A jikin wannan bangon murjani ya yi gida, kunkuran teku ke kiwo, dubban kifin barakuda ke zagaye wuri guda. Tun da Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya ɗauki fim a wurin a ƙarshen shekarun 1980, masu nutso na duniya suka yi masa caa.

Aka cika tsibirin da masaukai, fitilu da hayaniya suka takura wa kunkuran da ke fitowa yin ƙwai da dare. Bayan Kotun Duniya ta tabbatar wa Malesiya mallakarsa a 2002, gwamnati ta umarci masu masaukai su kwashe ya-nasu-ya-nasu zuwa ƙarshen 2004, daga baya kuma aka ƙayyade izinin shiga, a lokacin ga mutum 120 a rana. Wannan mataki ya cancanci yabo. Sai dai doka tana iya ƙirga kawuna a bakin gaɓa, ba ta iya bin mutum ƙarƙashin ruwa ta ga abin da hannunsa da ƙafarsa ke yi. A can ne tarbiyya ta lalace, kuma ita ce damuwata.

A da, koyon nutso aikin makonni ne. Malami ba ya sakin ɗalibi sai ya ga ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, da numfashinsa kawai da 'yar iskar da ke cikin rigarsa. Yau ana kammala darasin farko cikin kwana uku ko huɗu, a miƙa wa mutum kati, washegari ya sayi kyamara. Laifin bai tsaya ga gajeren lokaci ba. Wanda ya karɓi katin ne yake ɗauka ya gama, alhali izinin fara koyo aka ba shi.

Dubi irin wannan mutum a ƙasa. An ɗaura masa dalma fiye da kima don ya nutse da sauri, saboda haka ƙafafunsa sun rataya ƙasa, yana ta harbin ruwa. Ya hango ɗan kifi a cikin rami, ya dafa murjani da hannun hagu, ya durƙusa a kansa, yana saita kyamara da hannun dama. Da ya tashi, takalmin iyonsa ya karya reshe, ya tayar da yashi ya rufe sauran. Bai ma juyo ba. Shi a ganinsa dutse ya taɓa. Murjani kuwa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne masu laushin jiki suka gina shi, kuma manyan dunƙulensa da wuya su ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Abin da gwiwarsa ta farfasa cikin daƙiƙa ya girme shi.

Ɗan'uwa mai nutso, wannan rashin iya tsayuwa da ke kashe murjani shi ne kuma zai iya kashe ka. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na bakin gaɓa. Idan ka cika huhu a can ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura ta yaga huhun. Iskar naitirojin kuma tana narkewa cikin jini da tsoka muddin kana ƙasa. Ka taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jikinka kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe, ta kama gaɓoɓi, wani lokaci ta shanye ƙafafu. Shi ya sa aka ce a hau a hankali, a tsaya minti uku a mita 5, a fito da sauran iska a tukunya, kada kuma a hau jirgin sama sai bayan awa 18 idan an yi nutso da yawa. Kowa ya karanta wannan. Amma nawa ne har yanzu ke duba kayan abokin nutsonsu kafin su faɗa ruwa? Nawa ne ke kallon agogon iska kafin jagora ya tambaye su? Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma bai san kuɗin da ka biya ba.

Kunkuru ma bai tsira ba. Da huhu yake numfashi, dole ya hau sama ya shaƙi iska. Mutum biyar su kewaye shi da kyamarori, wani ya tare masa hanyar hawa, wani ya kai hannu bayansa. A ƙarƙashin Sipadan akwai kogon da aka samu ƙasusuwan kunkuran da suka shiga suka ɓata, iska ta ƙare musu. Dabbar da ke rayuwa a teku ke nan. Ina ga baƙon da zai leƙa ciki ba horo, ba igiya, don neman hoto?

Nauyi mafi girma yana kan jagorori da masu shagunan nutso. Jagora yana gani, yana jin zafin abin, amma ya yi shiru don kada baƙo ya ɓata rai, ya hana shi ɗan ihsani, ko ya rubuta mummunan sharhi a intanet. Wani ma da kansa yake tsokano dabbar teku mai hannu takwas daga raminta da sandar ƙarfe don a tafa masa. Malam jagora, sandar nan ta ƙwanƙwasa tukunya ce idan kana son jan hankali. Ka yi bayani sosai kafin a sauka, ka duba dalmar kowa, wanda bai iya tsayuwa ba ka ajiye kyamararsa a kwalekwale, wanda ya taɓa kunkuru ka fito da shi. Kai kuma mai shago, ranar da jagoranka ya soke nutson wani baƙo saboda ganganci, ka tsaya a bayansa a gaban baƙon, ko da za ka mayar da kuɗin.