Mudunka da Aurenka Amana Ɗaya Ce



Ranar Lahadi majami'unmu cike suke maƙil. Zumuntar Mata sun sha anko, mawaƙa na rera yabo, ana ba da baiko da rawa. Amma gari na wayewa ranar Litinin, sai ka tarar da wanda ya jagoranci addu'a jiya yana auna wa mutane masara da mudun da aka bubbuge gindinsa. Da dare kuma ya kife wayarsa don kada matarsa ta ga mai kira. Wannan ne ya dame ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu tuna da Yusufu a Farawa sura 39. Maigidansa Fotifar ya danƙa masa dukan abin da ya mallaka, amma Yusufu bai ci ko anini ba. Da uwargidan ta matsa masa kullum, ya ƙi, har ya bar rigarsa a hannunta ya gudu. Hujjarsa biyu ce: amanar maigidansa da tsoron yi wa Allah zunubi. Zuciyar da ta tsare dukiyar mutum ita ce ta tsare masa iyali. Ya sha kurkuku saboda haka, amma Ubangiji bai rabu da shi ba.

Sarki Dawuda kuwa, a 2 Sama'ila sura 11, daga kallo a kan soro zinarsa da Batsheba ta fara. Da Batsheba ta sami ciki, sai ya kirawo mijinta Uriya daga fagen yaƙi don ya kwana a gida asiri ya rufu. Da hakan bai yiwu ba, ya bugar da shi da ruwan inabi. Daga ƙarshe ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai wa shugaban yaƙi Yowab da hannunsa. Kun ga yadda zina ta jawo ƙarya, ƙarya ta jawo jini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, annabi Natan ya zo ya tone shi.

Don haka ina roƙon ku. Ɗan kasuwa, ka daina algus, Karin Magana ta nuna ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Uwar adashe, kuɗin mutane ba jarinki ba ne. Ma'ajin ikilisiya, ka tuna Hananiya da Safiratu: gonarsu ce, kuɗinsu ne, abin da ya hallaka su shi ne ƙaryar da suka haɗa baki suka yi.

Maigida da aiki ya kai ka Abuja ko Legas, alkawarin da ka ɗauka a gaban bagade bai tsaya a bakin tasha ba. Annabi Malakai ya gaya wa mutanen zamaninsa cewa Allah ya ƙi kulawa da baikonsu saboda sun ci amanar matan ƙuruciyarsu, domin shi ne shaidar auren. Uwargida, hirar dare a WhatsApp da wanda ba mijinki ba, ko da sunan addu'a ce, ki yanke ta tun tana ɗanya. Ku daina ɓoye wa juna albashi da bashi, yara suna gani, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka.

Fastoci da dattawa, ku ma da sauranku. Idan yarinya ta yi ciki a sa ta ƙarƙashin horo, amma attajirin da ya yi mata a kau da kai saboda yawan baikonsa, to ikilisiya ce da kanta take awo da mudu biyu.

Wanda ya riga ya faɗi kada ya fid da zuciya. Dawuda ya amsa laifinsa aka gafarta masa. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, ranar nan ceto ya shiga gidansa. Kafin Lahadi mai zuwa, ka canza mudun, ka biya bashin, ka zauna da matarka ka gaya mata gaskiya. Sa'an nan ka kawo baikonka.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai aminci. Amin.