Yabo Don Cin Abinci: Laifin Wa Ne?

Akwai wata tambaya da nake so mu tauna tare, 'yan'uwa ɗalibai. Mawaƙin da ya yabi sarki domin a cika masa ciki, maƙaryaci ne ko kuwa mai sana'a?

Bari mu ɗauki Tiyodor Purodoromos, mawaƙin fadar Rumawa a birnin Ƙustantiniyya, watau Istambul ta yau. An haife shi wajajen shekarar 1100, ya yi wa Sarki Yohana na Biyu waƙa, wanda ya yi mulki daga 1118 zuwa 1143, sa'an nan ya yi wa ɗansa Manuwel. Malami ne ƙwararre, har ya rubuta labarin soyayya cikin waƙa, da wasan barkwanci a kan yaƙin kyanwa da ɓeraye. Amma abin da ya ci abinci da shi yabo ne: aure, haihuwa, mutuwa, nasarar yaƙi, kowanne da waƙarsa.

A shekarar 1133 Sarki Yohana ya yi hawan nasara saboda ya ci garin Kastamon daga hannun Turkawa, Purodoromos kuwa ya wasa shi iyakar wasawa. Ba a jima ba Turkawa suka karɓe garin, sai da sarki ya sake ɗaura yaƙi. To, waƙar ta zama ƙarya ke nan?

Ni dai a ganina ba ta zama ba, domin ƙarya sai da wanda aka ruɗa. Sarki ya san abin da ya saya, fadawa sun san abin da suke ji, kowa ya san ƙa'idar yabo ita ce a faɗi alheri a tsallake saura. Inda abin ya fi damuna wani wuri ne dabam. Mutum mai ilmi irin wannan, a zamaninsa kasuwar fasaharsa ba ta wuce fada da gidajen manya ba. Wanda mai sayen hajarsa ɗaya ne, ina zai sami bakin cewa a'a? Idan akwai laifi, rabon fada ya fi nasa yawa.

Duk da haka ban wanke shi sarai ba. Ya yi ta kukan talauci cikin waƙa, yana nuna cewa masu sana'ar hannu sun fi mai karatu ƙoshi. Da ganin fari sai mu ce a nan ne ya faɗi gaskiyar zuciyarsa, alhali kuwa kukan ma salon roƙo ne, an tsara shi domin hannun mai kyauta ya motsa. Akwai ma waƙoƙin bara guda huɗu cikin harshen talakawa da ake jingina masa, masana na gardama ko nasa ne.

Ciwon agana dai ya kama shi da gaske, ya kuma bayyana wahalarsa a rubuce. A ƙarshe ya zauna a gidan jinƙai na wata majami'a a birnin, ya shiga zuhudu, ya ɗauki sunan Nikolas.