Ciyawar Ado, Ciyawar Burtali da Ma'anar Raya Ƙasa

Wanda ya gina sabon gida a birni, yake kuma so ya ga kore a tsakar gidansa, hanya biyu masu sana'ar lambu za su nuna masa. Ko dai ya sayi irin ciyawa ya watsa a ƙasar da aka kafce aka zuba mata taki, ya yi ta bayi safe da yamma har makonni kafin ta rufe, ko kuma a yanko masa ciyawar da ta riga ta kafu a wani wuri, irin su kirikiri, da jijiyarta da ƙasarta, a shimfiɗa masa ita yanki-yanki, ya kwana da fako ya wayi gari da kore. Ta farko ta fi araha amma tana son haƙuri, ta biyu tana da tsada amma ba ta sa jira. Wannan shawarar aljihu ce. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da ke ƙarƙashinta: idan mutum ya sa ƙasa ta yi kore, shin ya raya ta ke nan? Musulunci ya ba raya ƙasa matsayi babba, har ya sanya shi hanyar mallaka da hanyar samun lada, saboda haka ya kamata a san da me ake auna shi. Ra'ayina shi ne ana auna shi da abu biyu: wane mai rai ne ke ci daga ƙasar, kuma za ta iya tsayawa da ƙafarta idan aka janye hannu? Mutanen Aguie da Gazawa da Gidan Rumji, a jihar Maradi ta Nijar, sun tara hujja a kan wannan cikin shekaru arba'in ɗin nan, a gonakinsu da burtalansu.

Ciyawar ado al'ada ce da ta bunƙasa a gidajen masu sarauta na Ingila da Faransa a ƙarni na 17 da na 18, kuma tun asali abin da take shelantawa shi ne mai gidan yana da filin da ba ya bukatar ya noma. Bayan da Edwin Budding ya ƙera injin aske ciyawa a Ingila a 1830, sai talakawan birni ma suka samu shiga. A Ingila ruwan sama na sauka kusan duk shekara, don haka ciyawar ba ta cin kowa komai sai aski. A ƙasar Aguie kuwa ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kuma cikin wata uku ko huɗu yake zuba ya ɗauke. Masu lambu na ƙiyasta cewa ciyawar ado na bukatar kamar milimita 25 na ruwa a mako, a ƙasashe ma da ba su kai namu zafi ba. Filin murabba'in mita ɗari zai sha lita 2,500 ke nan duk mako, wato jarka ɗari mai lita 25, tun daga ɗaukewar ruwa har faɗuwar wani. Ranar da aka rufe famfo, cikin 'yan kwanaki za ta fara ƙonewa. Ba akuya ke cinta ba, ba a yin zana da ita, abin da aka aske ma sau da yawa shara ake kaiwa.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu kuɗi ce, ba ta shafi ƙauye ba. Amma ƙauye ma yana da nasa koren da ba ya ciyar da kowa. Duk wanda ya bi burtali a jihar Maradi cikin damina ya san ciyawar garmani. Daga nesa fili ne shar, har ka ce makiyaya sun huta, sai ka matso ka ga shanu na ratsa ta da yunwarsu, domin ba sa cinta sai dole. Ta mamaye burtalai da makiyaya ne bayan gonaki sun matse su, dabbobi suka yi yawa a ɗan abin da ya rage, suka cinye ciyawa mai amfani kafin ta zubar da iri, suka bar wadda ba sa so ta yi ta haihuwa. Aikin da jama'a ke yi don ƙwato irin waɗannan wurare ya cancanci a dube shi da kyau. Ana fita gayya a tuge garmani da saiwarta kafin ta yi 'ya'ya. Inda ƙasa ta daskare ta zama fako, ana haƙa ramukan rabin wata bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Sannan a watsa irin kyasuwa da burburwa, a dasa gamba, a sa masu gadi har ciyawar ta nuna ta zubar da irinta. Wannan ma shuka ciyawa daga iri ne, daidai da na mai gidan birni. Bambancin yana wajen wanda ke cin moriya, kuma a nan hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da shuka ya yi mana jagora, domin ya rataya sadakar mai shuka ne a kan abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukarsa. Ladan yana bin bakin da ya ci.

Ma'auni na biyu, wato tsayuwar ƙasa da kanta, kututture ne ya koyar da shi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe dukiya mai yawa wajen renon itatuwa a leda da dasa su a faɗin Nijar, mafi yawansu kuwa suka mutu da ƙishi da iska da haƙorin awaki. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk bazara ba ciyayi ba ne, tohon itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya biyo baya shi ake kira sassaben zamani. Manomi ya zo kan kututturen sabara ko kalgo mai toho goma sha, ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya share ƙananan rassan waɗanda ya bari da wuƙa mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ya ɓare bawo. Ba iri, ba bayi. Saiwar da ta yi shekaru tana neman ruwa a zurfi ita ke ɗaukar nauyin. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na dā da na yanzu, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Suratul Waƙi'a ta tambayi masu noma ko su ne ke tsirar da abin da suka shuka, kuma ban san wani aiki da ke sa mutum ya fahimci wannan tambaya kamar aikin kututture ba. Mai shimfiɗa ciyawar da aka yanko yana iya ruɗin kansa cewa shi ya yi koren. Mai sassaben zamani ba shi da wannan damar, don da idonsa ya ga rayuwar ta riga shi zuwa gonar, nasa kawai ya daina kashe ta ya kuma tsare ta.

Akwai ƙalubale daga cikin fiƙihu kansa, kuma ba ƙarami ba ne. Malaman Malikiyya, da suka lissafa ayyukan da ake raya mataccen fili da su, sun ambaci fitar da ruwa da gini da dashe da huɗa, sun kuma ambaci sare itatuwa. To ta yaya za a ce barin itace shi ne raya ƙasa, alhali littattafan da ake karantawa a zaurukanmu sun ƙirga sare shi a cikin rayawa? Amsar ita ce malaman sun kalli manufa ne, wato mayar da filin da ba ya amfanar kowa ya zama mai amfani. A dajin da ya yi duhu har ba a iya shuka, gatari ne ke buɗe hanyar abinci. A jigawar Gazawa, inda iskar farkon damina ke binne gero da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku, gatarin nan shi ke kashe gonar, gawo kuma shi ke raya ta: yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Wanda ya riƙe lafazin lissafin ya saki manufarsa ya saɓa wa malaman da yake jin yana bi.

Wasu kuma za su ce duk wannan ba ruwansa da addini, doka ce da kasuwa. A dā, tun daga zamanin mulkin Faransa, itatuwa na hannun hukuma, manomi na iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa, saboda haka ya gwammace kada itacen ya girma. Da aka sassauta, aka zo da dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani ta kuma tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena, sai mutane suka ga riba. Wannan gaskiya ne, kuma ban ga inda ya rushe maganata ba. Shari'a ma ta bi ta nan, da ta ce wanda ya raya mataccen fili ya mallake shi, don ta san ɗan Adam ba ya wahala a kan abin da za a ƙwace masa. Sai dai riba kaɗai ba ta hana maƙwabci ya shigo da dare da gatari. A Ɗan Saga ta ƙasar Aguie, ƙauyen da ya yi suna a wannan aiki, sai da aka kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa manoma da mata da makiyaya, aka yarda da hukunci a kan mai sata, kafin abin ya zauna. Wannan amana ce tsakanin mutane, kuma ita ce amsa ga mai cewa jiran abin da Allah ya tsirar lalaci ne da sunan tawakkali. Datsa da gadi da zaman sulhu duk shekara sun fi dasa leda a tafi wahala nesa ba kusa ba.

Game da ƙawa, ba na cewa ciyawar ado haramun ce. Hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa Allah yana son kyau, kuma yara na bukatar wurin wasa mai laushi, filin ƙwallo na bukatar ciyawa. Abin da nake ƙi shi ne a kira ta raya ƙasa, ko mai ita ya ɗauka ya yi wa muhalli hidima, a unguwar da mata ke layi a bakin famfo. Wanda ke son sanyi a gidansa, bedi ko magarya ko zogale za su ba shi da kaɗan daga cikin ruwan.

Ƙalubalen da ya fi nauyi yana fitowa ne daga bakin makiyayi, kuma yana kan aikin da na yaba ne. Zai ce: kun raya gonakinku, kun mallaki itatuwan, kun kwashe kara kun ɗaure a rumbu, har ciyawar daji kuna tarawa da manjagara kuna lodawa a amalanke zuwa kasuwa, to ni ina nawa? Idan ma'aunin rayawa shi ne bakin da ya ci, wannan tambaya ba ta kaucuwa. Hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Malikiyya sun hana a mallake harimin gari, wato inda mutanensa ke kiwo da inda suke itace, ko da sunan rayawa ne, kuma Imamu Malik ya shardanta izinin shugaba kafin a raya filin da ke kusa da gari, saboda kada amfanin mutum ɗaya ya cuci jama'a. Ƙasar Gidan Rumji ta san farashin watsi da wannan. A 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Dokar tsarin karkara ta 1993, da hukumomin filaye da ta haifar, da turakun da aka kakkafa a gefen burtalai, da dokar kiwo ta 2010 da ta sa iyaka a kan kwasar ciyawa a makiyaya, duk ƙoƙari ne na mayar da wannan tarayya a aikace. Saboda haka manomin da ya rena gawo ɗari a gonarsa amma ya ci taku goma na burtali bai cika sharaɗin ba, haka kwamitin da ya shuka kyasuwa a makiyaya sannan ya sayar da ita duka ga masu kiwon turke na birni ya bar garken da ke wucewa ba ko ɗaure ɗaya. Gyaran da ake bukata a bayyane yake: a sa makiyaya cikin masu yanke shawarar ranar da za a buɗe filin da aka shuka, a ware musu kaso kafin a kai saura kasuwa, a kuma saki gonaki bayan girbi a ranar da hukuma da sarakuna suka tsayar, ba tare da manomi ya riga ya share komai ba.